Kurakuran da masu haɗa sola ke yi wajen ɗaure atin a jikin fanel

Za ka ga an kashe miliyoyi kan inbata da batir da fanel, amma log, wato ɗan ƙarfen da zai riƙe wayar atin (wadda ke kai wuta ƙasa) a jikin firam ɗin fanel, sai a ce yaro je ka siyo ko wanne ka samu. Wallahi abin nan yana damuna, don ran da waya ta zare ta taɓa firam, shi ne zai raba mutum da shokin.

Babban kuskure shi ne naɗa wayar jan ƙarfe tsirararta a jikin firam a matse da noti. Firam ɗin alminiyom ne, kuma jan ƙarfe da alminiyom in suka haɗu ga danshi, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, bayan damina in ka hau rufi za ka tarar da wani farin gari-gari a wurin, notin ma yana rawa. Log ɗin alminiyom na cikin akwatin wuta shi ma ba na rufi ba ne. Wanda ya dace shi ne na jan ƙarfe mai rufin kuza, da sukurunsa na sitenles. A ido kusan kala ɗaya ne da na alminiyom shi ya sa ake cutar mutane, to ka ɗauka a hannu ka ji nauyi, in mai shago ya yarda ka ɗan kankare gefe, ja zai fito.

Sai kuma abin da da yawa ba su sani ba, firam ɗin nan yana da wani siririn rufi da aka yi masa a kamfani don kare shi, kuma wuta ba ta ratsa wannan rufin. Kenan ko log ɗinka mai kyau ne in ka ɗora shi haka kawai, ado ka yi. Ka sa washa mai haƙora ta sitenles tsakaninsa da firam, ka ɗaure har haƙoran su nutse. Haka ma ƙarfen da mai walda ya haɗa aka shafe da fenti, kada ka ce ai fanel na zaune a kansa, shi ma a kankare fentin a ba shi nasa log.

Kar ka ɗauko diril ka huda inda ka ga dama, ka juya fanel ɗin akwai hujin da aka sa wa alamar atin. Sabon huji na iya kashe maka garanti, in hannu ya kuɓuce kuma ka fasa gilas. Sukurun rufin kwano ma a bar shi, yana tsatsa yana sassautawa.

Ka nemi log mai buɗaɗɗen gefe wanda waya ke kwanciya a ciki ba sai an yanke ta ba, ta yadda in an cire fanel ɗaya sauran suna nan da atin ɗinsu. Ka duba ramin ya dace da kaurin wayarka, in 6mm ce kar ka rage mata gashi, wato siraran wayoyin cikinta, don ta shiga.

In ka gama ka sa mita a wurin da take ƙara in akwai hanyar wuta, ka gwada daga kowane firam zuwa rodin da aka binne a ƙasa, firam ɗin da mitar ba ta yi ƙara a kansa ba ka kwance log ɗinsa ka sake.