Yadda ake riƙe sandar golf

Ranar da na fara shiga filin golf a Kano, riƙon taɓarya na yi wa sandar, na damƙe ta da iya ƙarfina na kai duka, ƙwallon ta yi dama ta shige cikin bishiyoyi. Wani dattijon kadi, wato mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, da ke kallona ya matso ya ce Alhaji kawo hannun nan, matsalarka ba a duka take ba, a riƙo take. Kuma gaskiyarsa ne wallahi, don hannu ne kaɗai ke haɗa ka da sandar, in riƙo ya ɓaci to komai ya ɓaci.

Bayanin nan na mai amfani da hannun dama ne, in kai bahago ne sai ka juya komai.

Da hannun hagu ake farawa, shi ne kuma ake sa wa safar hannu. Ka ajiye kan sandar a ƙasa fuskarta na kallon inda kake son ƙwallo ta je, sai ka ɗora robar mariƙin a kan yatsunka, ba a tsakiyar tafin hannu ba, ta ratsa a karkace daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuniya. Sannan ka rufe hannun ta yadda tudun nan na ƙasan tafi zai hau saman robar, babban yatsa kuma ya kwanta a jikin sandar ya ɗan karkata dama kaɗan. Ka bar kamar santimita 1 na ƙarshen sandar a waje, kar ka haɗiye ta duka a hannu.

Yanzu duba ƙasa. Ya kamata ka ga ƙusoshin gaɓoɓi 2 na bayan hannunka, na manuniya da na yatsan tsakiya, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, mai kama da harafin V, ta nuna wajen kafaɗarka ta dama. Nan ne yawancinmu ke ɓata lissafi, in gaɓa 1 kawai kake gani ƙwallo za ta riƙa lanƙwasawa dama, in kuma har 4 kake gani to hagu za ta riƙa yi, ka yi ta zargin sanda alhali ba ruwanta.

Sai hannun dama ya zo ƙasan na hagu, shi ma a yatsu, ramin tafinsa ya rufe babban yatsan hagu ruf, V ɗinsa ya bi layi ɗaya da na hagu.

Haɗa hannuwan biyu kuma iri 3 ne. Akwai wanda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan tsagar da ke tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na hagu, ana kiransa riƙon Vardon, da sunan Harry Vardon wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6, kuma shi mafi yawan ƙwararru ke yi. Akwai wanda ake sarƙe ƙaramin yatsan dama da manuniyar hagu, irin na shahararrun 'yan golf Jack Nicklaus da Tiger Woods ke nan, ni shi nake yi don yatsuna gajeru ne kuma na fi jin hannuwan sun zama abu ɗaya. Na ukun duk yatsu 10 ne a kan roba, ya fi dacewa da yara da masu ciwon gaɓoɓi, ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

To batun ƙarfin riƙo fa, ka riƙe ta yadda ba za ta suɓuce ba amma wuyan hannunka na motsi sakayau, da ka ga jijiyoyin damtsenka sun miƙe ka san ka matse da yawa. Ka kuma riƙa duba safarka, in tana saurin hujewa a tudun tafi to sandar ta koma tafin hannu.

Satin farko riƙon zai yi maka banbarakwai, kar ka koma tsohon. Ka ajiye sanda ɗaya a falo, kullum ka ɗauka ka riƙe ka saki kamar sau 20. In robar ta yi santsi saboda zufa da ƙurar hunturu ka wanke ta da ruwa da sabulu, in ta fara ƙyalli kuma a canza ta kawai.