Kurakuran da aka fi yi wajen kafa Dropbear, da yadda ake gyara su

Dropbear ƙaramar manhajar SSH ce (hanyar shiga wata na'ura daga nesa cikin tsaro) da Matt Johnston ya fara fitarwa a 2003, domin na'urori masu ƙarancin ƙwaƙwalwa. Ita ce ke zuwa cikin OpenWrt, tsarin Linux da ake sa wa rauta, shi ya sa duk mai kula da rauta a shagunan intanet na Terminus ko ofisoshin Bauchi Road a Jos zai ci karo da ita. Yawancin matsalolinta tushensu ɗaya ne: ana ɗaukar ta tamkar OpenSSH ce, manhajar SSH da aka fi sani a kwamfutoci, alhali kama da wane ba ta wane.

A fara da makulli. Mutum zai kwafo id_ed25519, makullin sirrinsa na OpenSSH, daga kwamfutarsa, ya miƙa wa dbclient, umarnin Dropbear na shiga wata na'ura, ya ƙi karɓa. Dropbear na da tsarin ajiye makullin sirri nata daban. Ko dai a juya shi da umarnin dropbearconvert openssh dropbear id_ed25519 id_dropbear, ko a ƙera sabo da dropbearkey -t ed25519 -f ~/.ssh/id_dropbear. Idan makullin na da kalmar sirri a kansa, juyin ba zai yiwu ba sai an cire ta. Makullin rabi biyu ne, na sirri da na fili; rabin filin da ake ba sabar kuma, dropbearkey -y -f ne ke fito da shi. Layin da ya fara da ssh-ed25519 kaɗai za a kwafa, ban da sauran.

Sai inda ake ajiye rabin filin a sabar. A OpenWrt, makullan root, babban asusun na'urar, suna zama a /etc/dropbear/authorized_keys, ba a /root/.ssh ba. A sauran tsare-tsare kuwa ~/.ssh ɗin ne, amma Dropbear na da tsantseni: muddin wani ban da mai asusun zai iya rubutu a fayil ɗin, ko foldar, ko ma gidan mai asusun, to za ta yi biris da makullin ta koma tambayar kalmar sirri. Gyara izinin da umarnin chmod: 700 ga foldar, 600 ga fayil. Don ganin dalilin ƙin da idonka, tayar da wata ta gwaji: dropbear -F -E -p 2222. Nan take za ta zubo ƙorafinta a allo.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mota shi ne rufe ƙofa da makulli a ciki. An kashe shiga da kalmar sirri, ko da -s ko da sa PasswordAuth da RootPasswordAuth su zama off a /etc/config/dropbear, an sake tayar da manhajar, an fita, ba a gwada makullin ba. Rautar tana Bukur, kai kana Farin Gada, sai dai ka hau keke. Ka bar tagar da ka shiga rautar da ita tun farko a buɗe, ka buɗe ta biyu ka shiga da makulli, sannan ka rufe ta farkon. In aikin gama ya riga ya gama, yanayin ceto na OpenWrt, wato failsafe, zai ba ka shiga ta 192.168.1.1 idan ka jona kwamfutarka da rautar da kebul, ka buga mount_root ka gyara.

Akwai kuma saɓanin zamani. Daga OpenSSH 8.8 na 2021 aka daina amincewa da sa hannun ssh-rsa mai SHA-1, kuma Dropbear ta kafin 2020.79 ba ta san rsa-sha2 ko ed25519 ba. Sakamakon shi ne saƙon "no matching host key type found". Ƙara -o HostKeyAlgorithms=+ssh-rsa da -o PubkeyAcceptedAlgorithms=+ssh-rsa zai shigar da kai yau, amma wannan faci ne; shiga ka sabunta manhajar. Haka scp, umarnin kwafar fayil tsakanin na'urori: tun OpenSSH 9.0 yana bi ta SFTP, wata hanyar tura fayil daban, Dropbear kuwa ba ta da sabar SFTP tata. Yi amfani da scp -O, ko ka girka openssh-sftp-server.

A Debian, wani nau'in Linux, in OpenSSH ya riga ya kama ƙofa (port) ta 22, wadda SSH ke amfani da ita, Dropbear ba za ta tashi ba. Canza mata lamba a /etc/default/dropbear.

Gargaɗin cewa makullin sabar ya canza bayan an sake wa rauta tsari baki ɗaya ba abin tsoro ba ne, ssh-keygen -R 192.168.1.1 zai share tsohon. Amma idan duk ɗauke wuta sai ya dawo, to mai yiwuwa zaɓin -R na Dropbear ne ke ƙera makullin a wurin da ba ya tsira bayan kashewa. Mayar da shi wurin dindindin ka nuna shi da -r. In kuma babu abin da aka taɓa, kada ka share tsohon makullin da ka, bincika tukuna.

Masu son shiga daga gida su kan buɗe ƙofa a rauta su ji shiru. Layin data na waya galibi yana raba adireshi ɗaya ne tsakanin mutane da yawa, don haka babu hanyar shigowa daga waje. Rautar ce za ta fita ta nemi sabar mai adireshi nata: dbclient -f -N -K 30 -R 2200:localhost:22 suna@sabar. Wannan -K 30 ɗin ne ke hana layin yin barci, amma ba ya sake haɗawa in ya yanke, sai an sa autossh, manhajar da ke sake tayar da haɗin, ko ɗan rubutun da ke maimaita umarnin.