Yadda za ka tuƙa motar haibirid ta rage maka shan mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, suka fara samun kasuwa a wurinmu. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1997 kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan. Sai dai wasu sun saya sun koma suna ƙorafi, wai an ce ba ta shan mai amma ga su kullum a gidan mai. Sau da yawa matsalar tana ƙafar direba ne. Bayanin nan ya fi shafar ƙirar Toyota da Lexus waɗanda ba a jona su a caji.

Ka fara riƙe wannan: duk wutar da ke batirin motar daga fetur ta fito. Ko inji ne ya caja shi, ko kuma lokacin rage gudu injin lantarki ya koma janareto, ya mayar da ƙarfin gudun zuwa wuta. Batir ba ya ba ka komai kyauta, abin da ya so zubewa yake tare maka.

Mataki na farko, tayarwa. Da alamar READY ta fito a allon gabanka, ka sa giya ka tafi a hankali, inji zai ɗumama a hanya. Tsayawa ana jira ya yi zafi ƙona mai ne a banza. Kuma da yake inji mai sanyi ya fi shan mai, ka haɗa aike-aikenka a fita ɗaya, ka fara da wuri mafi nisa.

Na biyu, tashi daga tsaye. Kada ka take totur har ƙasa, kada kuma ka yi tafiyar hawainiya don gudun kada inji ya tashi. A allon gabanka akwai ma'auni mai rubutun CHG (caji), ECO (tattalin mai) da PWR (ƙarfi). Ka taka yadda alamar za ta zauna cikin ECO ba ta tsallaka PWR ba, har ka kai gudun da kake so.

Na uku shi ne inda ribar take, kuma shi ya fi buƙatar sabo. Idan ka kai gudun da ya ishe ka a cikin gari, misali kilomita 50 zuwa 60 a awa, sai ka ɗage ƙafa gaba ɗaya daga totur. Injin fetur zai mutu da kansa. Sannan ka mayar da ƙafar kaɗan-kaɗan, kamar akwai ɗanyen ƙwai a ƙarƙashinta, yadda motar ba ta jan wuta sosai kuma ba ta caji, tana dai sulalewa. In gudu ya ragu, ka sake takawa inji ya tashi ya mayar da kai, ka kuma ɗagewa. Dalili shi ne injin fetur ya fi ba da amfani idan yana aiki da ɗan nauyi, kuma in ya mutu ko ɗigo ba ya sha. A tsofaffin Prius dabarar tana aiki ne ƙasa da kusan kilomita 70 a awa, sama da haka dole inji ya riƙa juyawa. Amma fa ka duba madubi. In akwai ɗan sahu ko tirela a maƙale da bayanka, ka bar dabara ka bi gudun hanya.

Na huɗu, birki. Ka hango danja ko shataletale tun daga nesa, ka saki totur da wuri, ka ɗora ƙafa a birki a sanyaye ka daɗe a kai. Za ka ga alamar ta shiga CHG, wato batir yana sha. In ka bari sai ka iso ka danna da ƙarfi, janareton ba zai iya kwashe ƙarfin duka ba, ragowar sai ta tafi ga birkin taya ta zama zafi, ta bi iska. Shi ya sa mai bin bayan mota kurkusa ba zai taɓa morar haibirid ba. Idan abu ya gifta maka kuwa, yaro ko akuya, ka manta da caji ka taka iya ƙarfinka.

Na biyar, giya. Ka zauna a D. Al'adar direbobinmu ta sa mota a firi, wato N, a gangara ko a cunkoso ba ta da wuri a nan, domin a N batir ba ya caji ko kaɗan. In tsayuwar za ta yi tsawo, ka sa P. Sai kuma B. Akwai wani maƙwabcina da ya yi watanni yana yawo da Prius ɗinsa a B cikin gari, a zatonsa B ɗin tana nufin batir. Ranar da na shiga motar, yana ɗage ƙafa sai na ji inji ya yi gurnani, mota ta riƙe kamar an ja ta daga baya. B birkin inji ce, tana zubar da ƙarfi da gangan. An yi ta ne don doguwar gangara irin ta Hawan Kibo idan ka sauko daga Jos, inda batir kan cika, birkin taya kuma ya iya yin zafi.

Maɓallin EV ma, mai sa motar tafiya da lantarki kaɗai, kada ya ruɗe ka. Tafiyar kilomita ɗaya ko biyu yake yi a ƙaramin gudu, daga nan batir ya sauka, inji ya tashi ya biya bashin da fetur. Ka bar shi don gyara fakin.

A babban titi, kamar hanyar Kaduna zuwa Kano, taimakon batir kaɗan ne, iska ce abokiyar gaba. In ka ninka gudu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu. Wanda ya tsaya a 90 zuwa 100 zai ga bambanci da mai zuba 130.

Sai batun zafi. Ba zan ce ka kashe na'urar sanyaya mota a watan Afrilu ba, batirin ma da iskar cikin motar yake shan sanyi. Ka yi fakin a inuwa, in ka shigo ka buɗe gilasai na ɗan lokaci hucin ya fita, sannan ka kunna, ka danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Kusa da kujerar baya akwai 'yar ragar da fankar batir ke zuƙar iska ta cikinta. Kada a toshe ta da buhu ko jaka. Ƙurar hunturu tana cika ta, in batir ya yi zafi kuma kwamfutar motar sai ta rage amfani da shi, inji ya riƙa aiki babu hutu. Ka sa makaniken da ya san haibirid ya wanke fankar bayan kowane hunturu.

Iskar taya, ka bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, kada mai faci ya buga da ƙarfe ya ce ta yi. A but ɗin mota kuma, a sauke tarkacen da ba a buƙata.

Don ka san ko ƙafarka ta gyaru, ka cika tanki, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili. Ranar da ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga, ka rubuta. Ka yi haka sau uku kafin ka yanke hukunci, domin tanki ɗaya yana iya faɗawa makon cunkoso.