Littattafan yaƙi don hutun nan

Jama'a, mai neman abin karantawa a hutun nan ya ɗauki yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, amma kada ya tsaya kan littafi ɗaya. Ku fara da My Command na Obasanjo, wanda ya fito a 1980. Bai da tsawo, sai dai mutumin akwai yabon kai. Daga nan sai The Tragedy of Victory na Alabi-Isama. Runduna ɗaya suka yi, kuma ya musanta Obasanjo a wurare da yawa, har da hotuna da taswirori. Ɓangaren Biyafara kuwa, ku nemi littafin Alexander Madiebo, kwamandan sojojinsu. Ku ajiye taswirar kudu maso gabas kusa, don sunayen garuruwan suna rikita mutum.