Yadda Nake Naɗar Tsohon Kiɗan Jita a Ɗaki

Kiɗan jita zalla irin na farkon shekarun 1960 ba shi da mawaƙi, jitar ce ke waƙar. Don haka kafin ka kunna kwamfuta, saurari faifan asali na kiɗan da za ka buga har ka iya rera karin da bakinka, ka san inda makaɗin yake jan sauti da inda yake ɗan dakatawa. Abin da baki bai iya ba, yatsu ma ba za su iya ba.

Wasu tsofaffin faifai ba su zauna daidai kan 440 Hz ba, wato ma'aunin da aka saba saita tsirkiya a kai, saboda tef ɗin yakan yi ɗan sauri ko jinkiri. Kar ka bi su. Saita tsirkiyoyinka yadda aka saba.

Kayan aiki ba yawa: ƙaramar na'urar da ke haɗa jita da kwamfuta ta USB, hedifon, da manhajar naɗa sauti. Audacity kyauta ce, amma ni Reaper na fi so. A saitin ingancin sauti na manhajar, zaɓi 24-bit da 48 kHz, kuma kar ƙarfin sautin ya wuce kusan -12 dB. In ya kai sifili, wato ƙarshen ma'aunin, ya fashe, gyara shi da wuya. In da amfilifaya kake kiɗa, makirufo irin Shure SM57 ya isa. Matso da shi gaban lasifikar amfilifayar, ka ɗan kauce wa tsakiyarta don sautin kar ya yi kaifi. Jita irin Stratocaster kuwa takan kwaso gurnanin lantarki. Juya da kujerarka a hankali har ka sami kusurwar da ya lafa, ka zauna a haka.

Fara da ganga, sai bas, sai jitar rakiya. Jitar gaba ce ta ƙarshe.

Inda mutane suka fi ɓata aiki shi ne amsa-kuwwa. Sautin da Hank Marvin, makaɗin jita na ƙungiyar The Shadows, ya yi suna da shi ya fito ne daga Stratocaster, amfilifayar Vox da na'urar amsa-kuwwa, shi ya sa kowa yake ɗokin cika ta. Ni dai busasshen sauti nake naɗa. Ina jin amsa-kuwwar a hedifon don hannuna ya saki, amma ba ta shiga fayil ɗin. Daga baya sai in ƙara ta kaɗan-kaɗan, in daidaita tazararta da bugun ganga. Da zarar ta fara haɗiye sautin da ke biye, ta yi yawa. Sandar girgiza tsirkiya ma haka: taɓa ta a ƙarshen dogon sauti kawai.

Buga kiɗan daga farko zuwa ƙarshe, ka zaɓi bugun da ya fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a ciki. Yawan yanka da liƙi yana kashe shi.

Naɗin naka ne, amma karin na mai shi ne. YouTube na iya gane shi ta Content ID, tsarinsa na gano kiɗan da ke da mai haƙƙi, kuɗin talla ya tafi wa mai haƙƙin. In sayarwa za ka yi, nemi lasisi tukuna.