Goro ɗaya kan iya ɓata hoton zuciya

A gwajin jijiyoyin zuciya, majinyacin da ba zai iya gudu a kan na'ura ba, magani ake ba shi ta jijiya a madadin gudun, adinosin ko dobutamin, sannan a ɗauki hoton zuciyarsa a ga inda jini ba ya isa. Haɗarin shi ne, in maganin bai kama ba, hoto kan fito tsaf, a sallami mutum alhali jijiyar zuciyarsa a tsuke take.

Tun daga tambaya ake fara kuskure. "Baba, ka sha kofi?" Dattijon Gombe zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, ga guntun goro a aljihunsa. Goro na ɗauke da kafeyin, haka shayi da Coca-Cola da Panadol Extra, kafeyin kuwa tare wa adinosin gurbinsa yake yi. A kira masa su ɗaya-ɗaya da suna, ya ƙaurace musu aƙalla awa 12, in da hali 24. In ya riga ya ci, ɗage gwajin ya fi, ko daga Kaltungo ya taso.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar hoto don kawai agogo ya cika. Ana fara adinosin da maikrogiram 140 kan kowane kilo na nauyin majinyaci a minti ɗaya. Bayan kamar minti 3, ana son bugun zuciya ya ƙaru da fiye da 10 a minti, majinyaci ya ji ɗumi a fuska ko numfashi ya yi masa nauyi. Saukar awon jini kaɗai ba abin dogaro ba ce. In shiru, a duba allurar tukuna, a kuma tabbata madaurin awon jini ba a wannan hannun yake ba, don rabin maganin kan ɓace daga jini cikin ƙasa da daƙiƙa 10. Daga nan likita kan ƙara maganin zuwa maikrogiram 170, har 210.

A hoton MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, saifa kan dusashe idan adinosin ya kama. Sai dai baligi mai sikila galibi saifarsa ta ƙanƙance, alamar kuma ba ta aiki da dobutamin.

Shi dobutamin, lissafinsa daban, yawan bugun zuciya a minti ake nema: a cire shekaru daga 220, a nemi kashi 85 cikin 100. Ɗan shekara 60 ke nan sai bugunsa ya kai 136. Atinolol, maganin hawan jini mai rage bugun zuciya, kan hana kaiwa, likita ya ƙara atrofin, mai ɗaga bugun. In duk da haka bai kai ba, a rubuta a takardar sakamako cewa gwajin bai cika ba.