Yadda nake tace labarin rigimar manyan ƙasashe

A fadarmu ta Zengu, kafin a sauke shayi na biyu an rabu gida biyu: masu goyon Rasha da masu goyon Amurka. Ni kam ga yadda nake yi.

Kada ka tsaya kan tasha ɗaya. Saurari ta waje, saurari ta gida, ka lura da abin da kowacce ta tsallake. Bidiyon WhatsApp kuwa, in babu rana babu wuri, share shi kawai.

Sai ka tambaya, wa zai kwashi ɓarnar? A 2011 NATO, ƙungiyar ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai, Gaddafi ya faɗi, makamai suka bazu cikin Sahara. A 2012 arewacin Mali ya kama da wuta, har yau hayaƙin bai bar mu ba.

In ka ji Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi shiru, duba wa ya hau kujerar naƙi. Masu ikon hana ƙuduri wucewa su biyar ne: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya, Faransa.

Daga nan leƙa Kasuwar Dole ka tambayi kuɗin fulawa da taki. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, mai burodin layinmu bai ƙara kuɗi ba, burodin ya rage wa girma.